Harsashin da zan rubuta a takardar lasisi

Baban Hanif: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin in cika takardar lasisin bindiga. Na gama watannin gwaji a kulob ɗinmu nan kusa da garin Reading a Ingila, sun karɓe ni cikakken mamba, yanzu saura in rubuta wa 'yan sanda girman harsashin da nake so da dalilina. Burina harbin allo na nesa, daga yadi 600 har 1,000, a kwance da madubin saiti na kan bindiga. A shagon da na leƙa an nuna mini 6.5 Creedmoor, mai shagon ya ce shi ake yayi, ba ya dukan kafaɗa, iska kuma ba ta kwasarsa kamar .308. Ni dai ajin F-TR nake sha'awa saboda na ga kayansa sun fi sauƙin kuɗi. In rubuta Creedmoor ɗin?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ajiye biron tukuna, ƙanena. 6.5 Creedmoor ba ya shiga F-TR, ko da ƙafa biyu ka ɗora bindigar a kai. Harsashi biyu kacal aka yarda da su a ajin nan, .223 Remington da .308 Winchester, kuma ɗakin harsashin ya kasance yadda aka san shi, ba a faɗaɗa kafaɗar kwanso ba. Ko irin su .223 Ackley da aka ɗan buɗa don ya ƙara cin albarushi, an fitar da su. Ranar da ka je rajista da Creedmoor, kai tsaye F-Open za a rubuta ka, ka kwanta kusa da masu bindigar kilo 10.

Baban Hanif: Ikon Allah. Mai shagon bai ambaci wannan ba sam.

Injiniya: Abin da ya faɗa game da harsashin gaskiya ne. Kamfanin Hornady ne ya fitar da shi a 2007, yana da daɗin harbi, ana samunsa a kowane shago, kuma na masana'anta ma yana taruwa wuri ɗaya a kan allo. Matsalar dai ita ce dokar gasa ta bar shi a tsakiya: ya fi ƙarfin a ƙyale shi a F-TR, bai kuma kai na bakwai-bakwai, wato masu milimita 7, da ke mulkin F-Open ba.

Maman Ilham: Sannunku da hira. Baban Hanif, bari in ƙara maka sauran sharuɗɗan don ka san abin da za ka shiga. A F-TR nauyin komai da ke manne da bindiga, wato ita kanta da madubi da ƙafafun, kada ya wuce kilo 8.25. Jakar yashin da ake sawa a ƙarƙashin gindi ba a lissafa ta. A F-Open an ba ka kilo 10, kuma za ka iya ɗora gaban bindigar a kan mazauni na ƙarfe mai sandar juyawa, wanda shi ba a auna shi tunda ba a manne yake ba. Faɗin katakon gaba kada ya wuce milimita 76. Girman harsashi har milimita 8 a dokar ƙasa da ƙasa, a Amurka kuma har inci .35. A duka biyun an hana birkin baki, wato abin da ake ɗaurawa a bakin bututu don rage shuri, saboda yana watsa ƙara da ƙura a kan wanda ke kwance gefenka.

Gram 250 ɗin nan da ke bayan kilo 8 mutane na raina shi har sai ranar awo. Na taɓa ganin wani a filin harbi na Connaught a Kanada yana kwance murfin madubi da abin tare rana a gaban ma'auni, mutane na layi a bayansa, don ya wuce da 'yan gram kaɗan.

Kawu Na-Woking: Ku yara duk kun gudu wurin madubi. Baban Hanif, shekarunka nawa, idonka lafiya?

Baban Hanif: Lafiya lau, Kawu. Ban kai arba'in ba, ko tabarau ba na sawa.

Kawu Na-Woking: To me ya kai ka F-Class, wato su F-TR da F-Open, tun yanzu? Ka san asalinsa kuwa? Wani dattijo ne ɗan Kanada, George Farquharson, da ido ya fara gaza masa, ya nemi a bar tsofaffi su sa madubi su jingina bindiga don kada su bar fili. Harafin F ɗin daga sunansa aka ɗauko. Yanzu samari sun karɓe abin sun mai da shi gasar kayan aiki. Kai da kake da ido da ƙarfin hannu, ka zo ka koyi harbin asali, TR: saitin ƙarfe, rigar harbi, maɗauri a dantse, gwiwar hannu biyu a ƙasa, babu abin da ke riƙe bindigar sai kai. A Bisley, babban filin harbi na Ingila, nauyinta kada ya wuce kilo 6.5, kunama kuma sai ta iya ɗaukar kilo 1.5 ba ta saki ba. Harsashi .308 ne mai kai giren 155 (giren shi ne ma'aunin nauyin kan harsashi). A babbar gasar bazara ma ba ka zuwa da naka, raba wa kowa ake yi iri ɗaya, don haka mai kuɗi da talaka abu ɗaya suke sawa a bindiga.

Kyautar Sarki tun 1860 ake harbinta, da farko a Wimbledon, aka dawo Bisley a 1890. Mutum 100 ke kaiwa zagayen ƙarshe, harbi 15 a yadi 900, 15 a yadi 1,000, a filin Stickledown. Wanda ya ci a kan kujera ake ɗaukarsa a kafaɗa, 'yan badujala na gaba, ana zagayawa da shi gidajen kulob-kulob. Duk shekarar da na tsaya na ga an ɗaga kujerar nan sai tsigar jikina ta tashi.

Maman Ilham: Kawu, kada ka manta ka gaya masa mace ta hau kujerar tun 1930, Marjorie Foster.

Kawu Na-Woking: Haka ne, 'yata. Ban manta ba.

Injiniya: Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, amma a bar yaro ya san bambancin allon. A TR na Bisley, tsakiyar da ke ba da maki 5 a yadi 1,000 faɗinta inci 24 ne. A F-Class da'irar maki 5 kusan inci 10 ce, ƙaramar da'irar V da ke cikinta kuma kusan inci 5. Madubi da mazauni sun ɗauke maka rawar hannu, sai aka matse allon. Saura kai da iska. Don haka ba hutu ba ne kamar yadda dattawanmu ke zato.

Tsohon Soja: Assalamu alaikum. Yanzu na dawo daga masallaci na tarar da hira ta yi nisa. Ni .308 zan ce ya rubuta, kuma dalilina ba na kishin aji ba ne. Duk wanda ya riƙe G3 ko FN a bariki ya san 7.62, ɗan'uwan .308 ne na jini. Harsashi ne mai haƙuri. Bututunsa kan kai harbi 4,000, wani lokaci ya wuce, kafin ya fara watsa harbi. Kwansonsa ko'ina akwai shi. Abu mafi muhimmanci kuma, da layi ɗaya a lasisinka ka buɗe wa kanka ƙofa uku: F-TR, da TR ɗin Kawu in ka canza ra'ayi, da Match Rifle da ake harbawa a yadi 1,000 da 1,100 da 1,200, shi ma .308 ne. A Ingila kowane girman harsashi sai an rubuta maka shi a lasisi, in kana son wani sai ka sake komawa wurin 'yan sanda ka jira. Ga wanda bai gama sanin inda zuciyarsa za ta zauna ba, wannan babban abu ne.

Baban Hanif: Na gode, Baba. To maganar iska fa? Shi ne abin da ya fi tsorata ni. Nawa ne bambancin a zahiri?

Injiniya: Bari in ba ka a ƙiyasce, don kowace bindiga da nata gudun. Ka ɗauka iska na kaɗawa daga gefe sosai, mil 10 a awa, allo na yadi 1,000. Kai giren 155 na .308 da ya fita da gudun ƙafa 2,950 a sakan, iskar za ta ture shi wajen inci 90 ko fiye. Kai giren 200 na .308, irin wanda manyan 'yan F-TR ke harbawa yanzu, wajen inci 70. Creedmoor mai giren 140 ma a nan kusa yake. Na bakwai mai giren 180 daga .284 Winchester, wajen inci 60.

Abin lura shi ne ba iskar duka ce ke cutar da kai ba, tunda ka riga ka murɗa madubi ka biya ta. Wadda ba ka gani ba ita ce matsala. In ta ƙaru da mil 1 kacal tsakanin harbi da harbi, mai 155 ya tafi inci 9 gefe, mai .284 ya tafi inci 6. Daga tsakiyar allo zuwa bakin da'irar 5 inci 5 ne kawai. Kuskure iri ɗaya, amma ɗaya yana gab da layi yana iya tsira in ya ɗan jingina saiti, ɗayan ya yi nisa cikin 4. A harbi 20 wannan ke raba na ɗaya da na talatin. Shi ya sa aka raba ajin tun farko, don kada mai .308 ya yi ta gasa da lissafin da ba zai taɓa cinsa ba.

Ɗan Damagaram: Ina wuninku. Ni daga Texas nake bin ku, kuma ina ganin an yi wa Creedmoor rashin adalci kaɗan. Baban Hanif, ka tabbata kwanciya a tabarma kake so? Akwai wata irin gasa da ake kira PRS. Faranti na ƙarfe ake harbi, nisa daban-daban, agogo na gudu, yau kana kan shinge, anjima kan taya ko bututun siminti, minti ɗaya da rabi ko biyu ka gama zango. Dokar harsashi mai sauƙi ce: kada ya wuce .30, kada gudunsa ya wuce ƙafa 3,200 a sakan don kada a lalata farantan. Birkin baki halal ne, kusan kowa na da shi, saboda kana son ka ga inda harsashinka ya sauka da idonka. A nan Creedmoor gidansa ne, ko da yake na gaba-gaba sun koma na milimita shida, su 6 Dasher da 6 GT da 6mm Creedmoor, don shurinsu kaɗan ne. Mai .308 ma yana da ajinsa, Tactical, amma an ƙayyade masa kai giren 178 da gudun 2,800, .223 kuma giren 77 da gudun 3,000. Akwai masu yin irin wannan gasa a Birtaniya.

Baban Hanif: Na kalli bidiyonsu, abin burgewa ne. Amma gwiwata ta dama ba ta son durƙuso, kuma filin da ke kusa da ni Bisley ne. Kwanciyar dai nake so.

Ɗan Damagaram: To shi ke nan, na janye. In dai Bisley ne a ƙofar gidanka, bi maganar su Baba.

Maman Ilham: Ni kuma bari in yi wa .223 kamfe, tunda ba wanda ya tsaya masa. Da shi nake harbi a F-TR. Albarushin da yake ci kusan rabin na .308 ne, kan harsashin ya fi araha, shuri kuwa kusan babu. Wannan na ƙarshen ya wuce maganar jin daɗi. Bindigar F-TR a kan ƙafa biyu take, in ka harba giren 200 sai ta yi tsalle ta karkace, dole ka sake gyara ta kowane harbi, kuma in riƙonka ya bambanta ko kaɗan sai harbi ya hau sama ko ya sauka. Da .223 ina harbawa ina kallon allona a madubi bai gushe ba. A yadi 300 da 500 da 600 ba na jin tsoron kowane mai .308.

A 1,000 ne yake neman gata. Sai kai mai nauyi, giren 85 zuwa 90, da bututu dogo mai murɗi 1 cikin 7, wato kan ya juya sau ɗaya a kowane inci 7, ko ma ya fi haka matsewa, da maƙogwaro (mashigar bututu daga ɗakin harsashi) da aka yanka dogo don kan ya zauna ba tare da ya cinye wurin albarushi ba. Irin wannan ba a sayensa a kwali, da hannu ake ɗurawa. Kwanson ƙarami ne, ɗan bambancin awo da .308 zai haɗiye shi kuwa sai ya nuna maka a allo. In wuri mai masu duba allo a rami ne, wani lokaci sukan sha wahalar gano ƙaramar hudar, sai ka aika a sake dubawa.

Tsohon Soja: Hajiya, kin faɗi gaskiya har da abin da bai goyi bayanki ba. Shi ya sa nake cewa sabon shiga ya fara da .308. Zai iya sayen na masana'anta mai giren 155 ya harbi shekara guda kafin ya fara tunanin injin ɗuri.

Gargaɗi ɗaya, ɗana. Kada wani ya sayar maka da giren 168 na Sierra MatchKing don yadi 1,000. Kai ne mai kyau ƙwarai, amma don mita 300 aka ƙera shi. Kafin ya kai dubu gudunsa ya sauko kusa da na sauti, wajen ƙafa 1,120 a sakan, sai ya fara tangaɗi. Na ga allo da irin wannan ya huda a kaikaice, hudar doguwa maimakon zagaye. Shi ya sa 'yan Palma ke sa bututu mai inci 30, don giren 155 ya fita da gudun da zai kai shi can bai faɗo ƙasa da sauti ba. Bindigar farauta mai inci 20 ko 22 ba za ta yi maka wannan aikin ba.

Ka kuma sani wuri na da tasiri. Mu nan Bloemfontein tudu ne, wajen mita 1,400 sama da teku, iska ba ta da kauri, harsashi na riƙe gudunsa. Raton a Amurka ta fi mu tsawo ma. Bisley kuwa kusan daidai da teku take. Abin da ya yi wa mutum aiki a filin Janar De Wet da zafin rana zai iya gazawa a Stickledown da sanyin safiya. Don haka in kana karanta abin da wani ya rubuta game da bindigarsa, fara tambayar a ina yake harbi.

Baban Hanif: Wannan Palma da kuke ambata, aji ne daban?

Kawu Na-Woking: TR ne na nesa zalla. Yadi 800, 900, 1,000, harbi 15 a kowanne, saitin ƙarfe da maɗauri. Kan .308 kada ya kai giren 156, na .223 kada ya kai 91. Gasar ƙasashe ce tun 1876, an fara ta a filin Creedmoor na New York. A F-TR kuwa babu iyakar nauyin kai, shi ya sa suka tafi 185 da 200. Ka riƙe wannan don yana shafar bututun da za ka saya: murɗi 1 cikin 13 ya ishi 155, amma 200 sai 1 cikin 10. In ka sayi tsohuwar bindigar TR da niyyar sa mata madubi, to 155 za ta ci, kuma ba laifi ba ne, da yawa da haka suka fara.

Injiniya: Wannan shawarar Kawu ta ƙarshe ita ce mafi araha a duk abin da aka faɗa yau. Allon sanarwa na kulob-kulob a Bisley ba ya rabuwa da tsofaffin bindigogin TR na sayarwa. Ka nemi a duba maka maƙogwaron da madubin leƙa bututu kafin ka biya, ka tambayi harbi nawa ta yi.

Tunda ni ɗan F-Open ne, bari in faɗi abin da ke jiranka in wata rana ka tsallako. Da can 6.5-284 ne sarki, amma bututunsa da wuya ya wuce harbi 1,000 da ɗoriya. A gasar duniya ta 2009 a Bisley, 'yan Birtaniya suka zo da na bakwai suka doke Amurkawa masu 6.5-284, daga nan duniya ta juya. Yanzu .284 Winchester da 'ya'yansa irin su Shehane ne suka cika layi, da 7 SAUM, da .300 WSM ga mai iya jure shuri. Abin mamaki .284 ɗin tsohon harsashin farauta ne na 1963 da bai yi kasuwa ba a zamaninsa. Bututunsa kan ba ka wajen harbi 2,000. Manyan magnum kuwa sun fi gudu, amma suna ƙone maƙogwaro da wuri. Mu da muke harbi a filayen Diggle da Blair Atholl na Birtaniya mun saba sayen bututu bibbiyu.

Wani abu kuma a Bisley: in ƙarfin harsashi a baki ya wuce jul 4,500 (jul ma'aunin ƙarfi ne), sai ka yi gwajin saiti na musamman an sa maka hannu a kati kafin a bar ka ka harba nesa. Su 7 WSM da .300 WSM sun faɗa ciki. .308 ɗinka mai giren 155 ba ruwansa da wannan.

Likita: Ina ta karatu ban ce komai ba. Ni da Creedmoor na fara, kuma har yau da shi nake shiga F-Open a gasar kulob. Ina so Baban Hanif ya ji wannan ɓangaren ma. A yadi 600 ina samun maki mai kyau, kuma ba wanda ya taɓa hana ni kwanciya a layi. In mutum ya riga ya mallake shi, kada ya zauna a gida don ana cewa ba zai ci kofi ba, ya fito ya koyi iska. A Amurka ma ana raba mutane gwargwadon ƙwarewa, daga Marksman har High Master, sabo da sabo ake gwada shi. Amma wanda bai saya ba tukuna, kuma ya ce F-TR yake so, ba ni da hujjar da zan tura shi ga Creedmoor.

Maman Ilham: Likita ya taɓo inda ya dace. Shekarar farko ba harsashi ne zai zubar maka da maki ba, tutocin da ke nuna iska ne da kawalwalniya. Ka koyi mayar da madubin hange ya ɗan dushe daga allo don ka ga yadda zafi ke gudana a tsakiyar fili. In kawalwalniya na kwance tana gudu gefe, iska na nan. In ta miƙe tana tafasa sama, iskar ta tsaya ko tana shirin juyawa, kuma a nan ne mutane ke zubar da 3. Harsashi na ɗaukar wajen sakan ɗaya da rabi kafin ya isa yadi 1,000, duk abin da ke faruwa a hanya yana shafarsa.

Salon harbin ma ya bambanta. A wurinmu a Kanada da wurinku a Birtaniya mutum biyu ko uku ke raba allo ɗaya, ana karɓa-karɓa, in layi ya zo kanka sakan 45 gare ka, ko iska ta yi maka daɗi ko ba ta yi ba. Kai ne kuma ke rubuta makin abokin kwanciyarka. Su Ɗan Damagaram a Amurka mutum shi kaɗai yake jero 20 ɗinsa, zai iya jira ya ga yanayin da yake so ya zuba su da sauri.

Ɗan Damagaram: Haka ne, Hajiya. Shi ya sa bututunmu ke saurin mutuwa, zafi ba ya barinsa ya huta.

Baban Hanif: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tsaya a kan .308. Tambaya ta ƙarshe, madubi fa? Kuɗina ba su kai na manyan nan ba.

Injiniya: Abu biyu ka duba kafin girman zuƙowa. Na farko, murɗin sama ya isa. Daga saitin yadi 100 zuwa 1,000, giren 155 na faɗuwa sama da ƙafa 25, wato kana buƙatar wajen MOA 30 na ɗagawa (MOA ma'aunin murɗin madubi ne). Yawancin madubai ba su da wannan a sama kaɗai, don haka ake sa musu dogo mai gangaren MOA 20 a ƙarƙashi. Na biyu, in ka murɗa ka dawo, ya koma daidai inda yake. Madubin da ba ya komawa zai sa ka zargi iska a kan laifin da ba nata ba. Zuƙowa 24 zuwa 32 ta ishe ka farawa. Masu 50 da 60 ma ranar da kawalwalniya ta yi kauri rage nasu suke yi.

Maman Ilham: Kuma ka auna nauyinsa kafin ka saya. Manyan madubai kan kai kilo guda da zobbansu, ƙafafun F-TR masu faɗi kuma rabin kilo zuwa sama. Lissafa su tukuna, abin da ya rage daga 8.25 shi ne na bututu da katako.

Kawu Na-Woking: Asabar mai zuwa muna filin Century na Bisley da safe, yadi 500 da 600, da rana mu hau Stickledown. Taho da katin kulob ɗinka da abin toshe kunne da rigar ruwa. Zan roƙi wani abokina ɗan F-TR ya bar ka ka kwanta bayan tasa ka ji yadda giren 185 ke yi a kafaɗa, ni kuma zan ɗaura maka maɗauri ka gwada tawa harbi goma. Ka iso kafin ƙarfe takwas, akwai rajista a ofishin fili.

Baban Hanif: In sha Allah ina nan tafe, Kawu. A tashar Brookwood zan sauka.

Kawu Na-Woking: Kira ni in jirgin ya bar Woking, zan zo in ɗauke ka.